Kagoma: Inda 'Yan Kallo Suka Fi 'Yan Wasa Murya

Duk wanda ya taɓa yin Kirsimeti a Fadan Kagoma, ko a wani ƙauye na ƙasar Gwong da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, ya san cewa bayan an tashi daga sujada an ci shinkafa, abin da jama'a ke jira shi ne wasan kwaikwayo. Matasan coci ne kan shirya shi, wani lokaci kuwa 'yan makarantar sakandare da suka komo hutu. A shekarar da citta ta yi kyau aljihu yana da ɗan nauyi, ga 'yan birni sun zo daga Kaduna da Abuja da Ikko, saboda haka ɗakin kan cika maƙil tun kafin a ja labule. Labulen ma sau da yawa zannuwan gado ne guda biyu aka rataya a igiya.

Da Sarki Hirudus ya fito yana taƙama da kambinsa na kwali, sai ɗaki ya ɗauki ihu, tsofaffin mata suna yi masa Allah wadai, yara suna yi masa gwalo. Wannan ba laifi ba ne, hasali ma shi ne alamar yaron ya iya. Inda gizo ke saƙar shi ne sa'ad da yarinyar da ta fito a Maryamu ta buɗe baki za ta yi magana, sai wani saurayi daga bakin taga ya ƙwala mata kira da sunanta na gida, ya ɗora da wata maganar da ba ta faɗuwa a gaban manya. Sai dariya ta ɓarke, yarinya ta daburce, abin da ta yi wata biyu tana haddacewa ya gudu. Kafin a farfaɗo, ga wayar wani tana ƙara, ya ɗauka yana kwatanta wa abokinsa inda yake zaune. Ga wani kuma da ya biyo ta gidan burkutu ya hau dandamali wai zai taya sojan Hirudus faɗa.

Mai karatu zai ce ai abin dariya ne. To, amma akwai hasara a ciki. Uban da ya ji an yi wa 'yarsa ba'a a bainar jama'a ba zai sake barinta ta fita wasa ba, kuma ba a ganin laifinsa. Malamin da ya ba da maraicensa kyauta yana koyar da yara, in aka watsa masa wasa sau biyu, baɗi sai ya ce a nemi wani. Ta haka ƙungiyar wasa ke mutuwa a gari ba tare da kowa ya hana ta ba.

Wasu 'yan boko sukan ce maganin abin shi ne a koya wa mutane zama tsit kamar yadda Turawa ke yi. Sai dai shirun nan na Turawa ba daɗaɗɗe ba ne. A zamanin Shakespeare, talakan Landan kan biya kwabo ɗaya ya tsaya a gaban dandamali yana ci yana sha yana mayar wa 'yan wasa magana. A birnin Niyok na Amurka, ran 10 ga Mayu 1849, gardama tsakanin masoyan 'yan wasa biyu, watau William Macready Baturen Ingila da Edwin Forrest ɗan Amurka, ta kai har soja suka buɗe wuta a ƙofar gidan wasa na Astor Place, mutum fiye da 20 suka mutu. Kashe fitilun wajen 'yan kallo domin hankali ya koma kan dandamali kuwa, sai wajen 1876 ya kafu, bayan da Richard Wagner ya buɗe gidan wasansa a Bayreuth ta ƙasar Jamus. Har yanzu ma ba su gama da matsalar ba. Cikin watan Afrilu na 2023 an tsai da wani wasa mai suna The Bodyguard a Mancesta kafin ya ƙare, domin wasu 'yan kallo sun ƙi daina rera waƙa tare da mai wasa, har sai da aka kira 'yan sanda.

Mutanen kudancin Kaduna kuwa ba su taɓa sanin kallon da ake yi da baki a rufe ba. A je bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, ko Tuk Ham na Kwoi wajen lokacin Ista, za a ga mai kallo shi ne mai amshi, shi ne mai tafi, matan kuma su ne masu guɗa. Haka abin yake a ƙasar Hausa wajen tashe da 'yan kama, inda wasan ba ya tafiya sai an tanka. Amma fa dandalin gargajiya yana da doka, kuma mai tsanani ce. Akan yi da'ira, dattawa da wurinsu, mata da nasu, kuma akwai samari masu tsumagiya da ke mayar da duk wanda ya ƙetare iyaka. Ba a ratsawa tsakanin makaɗi da mai rawa. A zamanin dodo abin ya fi haka, gama mace ko yaron da ba a shigar da shi ba, in ya leƙa abin da bai kamata ba, gidansu ne zai biya tara. Babu mai fatan a komo da wannan, domin mata ne suka fi shan wuyarsa. Abin lura dai shi ne ɗan kallo ya san lokacin da bakinsa ke da amfani, ya kuma san lokacin da zai kama shi.

Wasan da ake rubutawa a haddace ya shigo ne ta makaranta da mishan. Tun 1936 aka buga wasanni shida na Hausa da R. M. East ya tsara, daga baya Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya fito da Jatau Na Kyallu. Irin wannan wasa ginshiƙinsa magana ce, in jimla ɗaya ta ɓace a cikin hayaniya sai labarin ya yanke. Amma yawancin jama'a ba a ɗakin taro suka saba da shi ba. A rediyo da talabijin na Kaduna suka san Samanja, watau marigayi Usman Baba Pategi, da marigayi Kasimu Yero. Daga 1990, da aka yi Turmin Danya a Kano, sai kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, bayansa kuma gidajen kallon ƙwallo suka cika Kafanchan da kewaye. Akwatin talabijin ba ya jin zagi, ɗan ƙwallon da ke Ingila ma bai san ana yi ba. Yaron da ya tashi a irin wannan kallo, in ya shiga ɗakin wasa, yakan manta cewa wanda ke gabansa mutum ne mai kunne, wataƙila ma ɗan maƙwabcinsu. Dokar dandali an bar ta, ta ɗakin taro kuwa ba wanda ya koya masa.

A Zariya an taɓa kama bakin zaren ta wata hanya dabam. Da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, ba a gina ɗaki irin na Turai ba. Wani magini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya zana musu gidan wasa na ƙasa mai zagayayyun ɗakuna da fili a tsakiya kamar gidan Bahaushe, inda ɗan kallo da ɗan wasa ke ganin idon juna. A 1977 ɗalibai suka kai Wasan Manoma ƙauyukan Soba, daga baya aka yi irinsa a Maska da Bomo. A hankali suka gane cewa manomin da ke katse wasa yana cewa ba haka ake rabon taki ba, shi ne ya fi kowa sauraro. Sai suka mai da katsewar ta zama cikin wasan: a tsaya a tsakiyar labari a tambayi jama'a abin da ya kamata wane ya yi, wanda ya ce ya san hanya a ce bismilla, ya shigo ya gwada. Mai surutun banza, da zarar an miƙa masa fili, yawanci sai ya noƙe, jama'a kuma su yi masa dariyar da ya so a yi wa wani.

Watau dai hayaniya iri biyu ce. Akwai wadda wasan ya haifar, kamar ta tsohuwar da ke gargaɗin Yusufu ya gudu da jariri, akwai kuma wadda mai ita ya zo da abarsa daga gida domin a gan shi. Ta biyun ce ke kashe wasa, kuma gaskiyar magana ba 'yan bakin taga ne kaɗai ke yin ta ba. Babban baƙo kan iso bayan awa guda da farawa, a tsai da wasa, a tashi yara daga kujerun gaba, mai lasifika ya jero masa kirari, sa'an nan a ce 'yan wasa su ci gaba daga inda suka tsaya, alhali zaren ya riga ya tsinke. Wani kuma ana tsakiyar makoki a dandamali zai taso yana liƙa wa mai kuka kuɗi a goshi, ko da yake dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da Naira. Manya sun daɗe da wannan hali. A 1964, Firimiyan Jihar Yamma, Cif Akintola, ya tashi da mutanensa ya fice ana cikin wasan Yoruba Ronu na Hubert Ogunde a Badun, aka kuma hana ƙungiyar wasa a jihar sai 1966.

Abin da ke hannun masu shirya wasa a Kagoma ba ya bukatar kuɗi. Kafin a fara, wani dattijo da ake jin kunyarsa ya tashi ya faɗa da Hausa da harshen Gwong cewa a yi dariya, a yi ihu ga mugu, amma kada a kira sunan kowa na gida, kuma a kashe waya. A ajiye faranti a bakin ƙofa domin mai son ba da kyauta. A zaunar da 'yan Zumuntar Mata biyu ko uku a cikin yara, 'yan Boys' Brigade kuma a wajen tagogi. A bar wani wuri a cikin labarin inda za a juyo a tambayi jama'a ra'ayinsu, kamar yadda aka yi a Bomo. Babban baƙo kuwa a rubuta masa lokaci a takardar gayyata, a ajiye masa kujera kusa da ƙofa, domin in ya makara ya zauna ba tare da an tashi kowa ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar, don sau da yawa shi ne ya sayi man janareta.