Takarda Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa: Sha'anin Ajiya a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin rajista ya san cewa takarda iri biyu ce take ɓata. Akwai wadda gara ta ci ko ruwa ya jiƙa, akwai kuma wadda tana nan lafiya lau cikin kabad, amma ba wanda ya san fayil ɗin da aka sa ta. Ta biyun nan ta fi ciwo, domin mai ita yana tsaye a bakin taga, hakkinsa yana kwance bai fi taku goma da shi ba, alhali kuwa nemanta ya zama allura cikin ruwa.

Gagarawa ta isa misali a kan wannan al'amari. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. A zamanin Turawa ƙasar tana ƙarƙashin En'e ta Gumel a cikin Lardin Kano, don haka wasiƙunta sukan tashi daga hakimi zuwa fadar Sarki, daga nan zuwa Di'o da Razdan, wasu har Kaduna. A 1967 aka kafa Jihar Kano, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, sa'an nan a ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jihar Jigawa, hedkwata ta koma Dutse. Kowane sauyi daga cikin waɗannan ya zo da sababbin ofisoshi da sababbin lambobin fayil. Saboda haka labarin gona guda a ƙauye guda yana iya kasancewa a warwatse tsakanin Gagarawa da Gumel da Kano da Dutse da Kaduna.

Nauyin ma ya ƙaru tun 1978, lokacin da Dokar Amfani da Ƙasa ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar izinin riƙe fili a karkara, har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, shirin babbar gonar rake a yankin Gagarawa ya ta da maganar gonaki da biyan diyya. A irin wannan rana manomi ba ya da abin dogara da ya wuce shaidu da takarda, takardar kuwa ba ta da amfani sai an iya fito da ita.

To, ina matsalar take? A ɗauka wani magidanci ya rubuto ƙara cewa gonar da ya gada daga mahaifinsa, kusa da layin dogo da ya bi ta Gagarawa daga Kano zuwa Nguru, burtali ya ci gefenta, yana kuma neman diyya. Wasiƙar guda ce, amma ta taɓa gado, ta taɓa burtali, ta taɓa filin jirgin ƙasa, ta taɓa diyya. Akawu ba shi da ikon yaga ta huɗu. Dole ya zaɓa mata gida ɗaya, a ce fayil ɗin rikicin gonaki. Bayan shekara biyar an yi masa canjin wurin aiki, sabon akawu ya zo, Sakatare ya ce a kawo duk abin da ya shafi burtali. Wasiƙar ba za ta fito ba, don ba a can take ba.

Maganin wannan ya kasu kashi biyu, kuma tilas a haɗa su. Na farko shi ne rabawa zuwa manyan sassa: ƙasa da gonaki, kuɗi da haraji, ma'aikata, ayyuka, lafiya, ilimi. Sassan nan ya kamata su zama kaɗan, tsayayyu, kada wani ya shiga cikin wani, kuma kowace takarda ta sami gida ɗaya tak. Na biyu shi ne fihirisa, watau jerin sunaye bisa abacada a kan kati ko a cikin littafi, inda za a rubuta sunan mai ƙara, da sunan ƙauye, da kalmar burtali, da kalmar diyya, kowanne yana nuni zuwa lambar fayil guda. Sashe shi ne ɗakin da takarda take kwana, fihirisa kuwa ƙofofi ne da ake bi a same ta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ƙasar Hausa. Almajiri ya san Alƙur'ani izu 60 ne, sura 114, ya kuma san Risala ta Ibn Abi Zaid babi-babi take, tun daga tsarki da salla har zuwa ciniki da rabon gado. Wannan rabawa ce zuwa sassa. Amma mai neman duk ayoyin da wata kalma ta fito a cikinsu, in ba mahaddaci ba ne, sai ya nemi fihirisar da malamin Masar, Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, ya tsara. Tun a ƙarni na 10 ma Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya jera littattafan Larabci da ya sani cikin kashi goma, ya kira aikinsa Fihrist.

Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da sauran makarantu suna gamuwa da wannan ka'ida a laburare. A 1876 wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya raba ilimi kashi goma, daga 000 zuwa 900. A tsarinsa aikin gona yana lamba 630, addinin Musulunci 297, tarihin Nijeriya 966.9. Littafi a kan tarihin noman gyaɗa ba zai zauna a kanta biyu ba, sai dai a yi masa kati uku ko fiye: na marubuci, na sunan littafi, na abin da ya ƙunsa.

Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Dokta Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, tana da reshe a Kaduna, kuma tana bin wata ka'ida dabam. A can ana barin takardu bisa ofishin da suka fito, na Razdan na Kano a wuri guda, na Sakatariyar Lardunan Arewa a wuri guda. Ɗalibin da ke binciken Gagarawa sai ya fara sanin ofishin da ya riƙe ƙasar a shekarar da yake nema. Har ila yau sai ya kula da rubutun suna, domin Turawa sukan rubuta Gummel da harafin "m" biyu.

Zancen rubutun suna ba ƙarami ba ne, musamman yanzu da kwamfuta ta shiga ofisoshi. Na'urar tana ba da damar liƙa wa takarda guda kalmomin nema goma ba tare da an motsa ta ba, amma ba ta gyara sakaci. Idan wannan akawu ya rubuta Sule Tankarkar a rabe, wancan ya haɗe shi, ko wannan ya ce burtali wancan ya ce hanyar shanu, an raba abu ɗaya gida biyu ke nan. Don haka ya wajaba kowane ofis ya tsayar da jerin kalmomi guda, a rubuta shi, a liƙa a bango, kada a ƙara sabuwa sai da sanin shugaban rajista. Haka kuma a guji fayil mai suna "sauran abubuwa", gama shi ne kabarin takardu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Ofishin da ba shi da fihirisa ba zai cika wannan wa'adi ba, ko da ma'aikatansa suna da kyakkyawar niyya. Aikin kuwa ba ya bukatar kwangila: littafi ɗaya mai ƙarfin bango, da biro, da akawun da ba zai rufe fayil ba sai ya shigar da sunan mutum da na ƙauye da na al'amari. Wanda ya yi haka ya taimaki magajinsa a kujera, ya kuma hutar da talakan da zai biya kuɗin mota daga ƙauye sau uku domin takarda ɗaya.