Kwamfutar allo mai araha: ko za ta iya zama littafin matafiyi?

Daga Yamai zuwa Maraɗi tafiyar kilomita wajen 660 ce, zuwa Damagaram kuwa wajen 900. Ma'aikacin da aka tura aiki, ko ɗan kasuwa, yakan wuni zaune cikin mota ba abin yi. Ga wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci wannan lokaci yana da daraja, domin karatun da ba a biya shi, gudu yake yi. Shi ya sa wasu suke tunanin sayen kwamfutar allo mai araha su zuba littattafai a ciki. To, amma ya kamata a auna kafin a fitar da kuɗi.

Na'urorin karatu iri biyu ne. A shekarar 2007 kamfanin Amazon na Amurka ya fito da Kindle, wadda aka ƙera don karatu kawai. Fuskarta kamar takarda take, ba ta cin wuta sosai sai lokacin juya shafi, don haka caji ɗaya yakan yi makonni. A shekarar 2015 kuma kamfanin ya fito da kwamfutar allo mai suna Fire a kan dala 50 ta Amurka, wajen jika 30 ke nan a lokacin. Ita da irinta, fuskarsu kamar ta wayar salula ce, kullum tana fitar da haske.

Nan ne matsalar matafiyi take. Batirin allo mai araha awoyi yake yi, kuma yana raguwa da tsufa, har yakan mutu tun kafin mota ta kai zango. Idan rana ta faɗo ta taga, rubutu ya dushe. A ƙara haske kuma, batir ya ƙara saurin ƙarewa. Ga zafin bazara, wanda yakan wuce digiri 40, yana lalata batir. A cikin faba-faba kuwa, inda ake matse kamar goro a huhu, fitar da allon ma wahala ce.

Duk da haka yana da nasa amfani. Takardun gwamnati da littattafan makaranta galibi a tsarin PDF suke zuwa, kuma allon ya fi iya nuna su, da zane da launi, ya kuma ƙara girman shafi da sauri. Mai raunin ido zai ji daɗin wannan. Littafi marar hoto ba ya cin wuri, ana iya ajiye ɗaruruwa a karanta ba tare da intanet ba, muddin an sauke su tun daga gida.

Mai saye ya gwada abu uku a gaban mai shago. Ya fita da allon rana ya ga ko rubutu yana karantuwa. Ya buɗe littafin Hausa ya duba ko ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suna fitowa daidai, domin wasu na'urori sukan nuna ɗan akwati a madadinsu. Ya kuma bincika lafiyar batir, musamman idan na hannu ne.

Ma'aikacin da ke fama da takardun ofis zai mori allon, idan ya haɗa shi da batirin ajiya ya kuma zauna gefen inuwa. Wanda labarai kawai yake so, wayar da ke aljihunsa ko littafin takarda ya ishe shi, kuɗinsa kuma su huta.