Yadda ake miƙa jirgin sama daga hannun Yamai zuwa hannun Kano

Idan gari ya washe, mutanen Matameye kan hangi farin layi ya ratsa sama, jirgin da ya bar shi kuwa ko ƙararsa ba a ji. Yawancin waɗannan jirage ba Damagaram za su sauka ba, wucewa suke tsakanin Turai da ƙasashen kudu. Wanda ya nufi kudu daga nan, mintoci kaɗan suka rage masa ya shiga sararin Nijeriya, kuma a daidai wannan lokaci ne ake ɗaya daga cikin ayyuka mafi haɗari a harkar jirage: miƙa shi daga hannun wani mai kula zuwa hannun wani.

Sama ma tana da iyakoki. A ɓangaren Nijar, hukumar ASECNA ce ke kula da zirga-zirgar jirage; an kafa ta a watan Disamba 1959, hedkwatarta tana Dakar, kuma tana da babbar cibiya a Yamai. A ɓangaren Nijeriya aikin na hukumar NAMA ne, jirgin da ya shigo ta arewa kuwa cibiyar Kano ce ke karɓarsa.

Raba jirage tun daga ƙasa yake farawa. Matuƙi ba ya hawa titin tashi sai ma'aikacin hasumiya ya ba shi izini, shi kuma ba ya ba jirage biyu titi ɗaya a lokaci ɗaya. Ko na farko ya ɗaga, na biyu ba ya bin sa nan take. Fikafikan babban jirgi suna barin iska mai murɗawa a bayansu, kamar guguwa biyu a kwance, wadda ke iya kifar da ƙaramin jirgi. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce ƙarami ko matsakaici ya jira aƙalla minti 2 bayan tashin mai nauyi, minti 3 idan daga tsakiyar titin zai soma gudu. Fasinjan da ke ƙunƙuni don an tsaya a bakin titi ba tare da wani dalili da ya gani ba, sau da yawa lafawar wannan iska ake jira masa.

Bayan tashi, hasumiya ta miƙa jirgi ga mai kula da kewayen filin, shi kuma ya miƙa wa babbar cibiya. A can sama tazarar iri biyu ce. Ta tsaye ƙafa 1,000 ce, kimanin mita 300. Tun Satumba 2008 Afirka ta koma amfani da ita har tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, inda a da ake barin ƙafa 2,000. Masu fuskantar gabas suna bin matakai irin su 33,000 da 35,000, masu fuskantar yamma 34,000 da 36,000, don kada su yi gaba da gaba. Ta gefe kuwa, inda na'urar rada ke ganin jirage, kimanin kilomita 9 ta isa. Inda babu ita, da agogo ake aiki, a kan bar minti 10 tsakanin jirage biyu masu bin hanya ɗaya a mataki ɗaya.

Miƙawar kanta ba ta da wani armashi. Kafin jirgi ya iso iyaka, ma'aikacin Yamai ya sanar da na Kano sunan jirgin, wurin da zai tsallaka, lokaci da kuma matakin da yake. Na Kano ya duba nasa jiragen, ya karɓa, ko ya ce a canja mataki tukuna domin yana da wani a wurin. Sai an yi wannan ake gaya wa matuƙi ya koma zangon rediyon Kano, shi kuma dole ya maimaita lambar da bakinsa don a tabbata ya ji daidai. Har harshe kan canja: a sararin ASECNA ana amfani da Faransanci da Ingilishi, a Nijeriya Ingilishi kaɗai. Manufar ita ce kada jirgi ya yi ko minti ɗaya ba shi da mai shi.

An taɓa ganin abin da rashin haka ke jawowa, kuma tafiyar ta biyo ta Nijar. Ranar 13 ga Satumba 1997, wani jirgin sojan Jamus ƙirar Tupolev 154 ya yada zango a Yamai, ya tashi zuwa Windhoek, babban birnin Namibiya. A ranar kuma wani jirgin dakon kaya na sojan Amurka, C-141, ya tashi daga Windhoek zuwa tsibirin Ascension. Suka yi karo a ƙafa 35,000 a saman tekun Atilantika, kusa da gaɓar Namibiya, mutum 33 da ke cikinsu duk suka rasu. Bincike ya gano na Jamus yana kan matakin da, bisa ƙa'idar wancan lokaci, na masu tahowa daga ɗaya ɓangaren ne. Ya yi sa'o'i a haka ba wanda ya gyara masa, kuma masu kula da sama a Windhoek ba su samu saƙon zuwansa ba.

Babu ɗaya daga cikin jiragen biyu da ke da TCAS, na'urar da ke hango jirgin da ya matso, ta umarci wani matuƙi ya hau, ɗayan ya sauka. Yau manyan jiragen fasinja dole su ɗauke ta. Amma ita sai saura daƙiƙoƙi kaɗan take yin magana, alhali ma'aikacin Yamai da na Kano suna da mintoci masu yawa na raba jiragen tun ba su kusanci juna ba.