Ɗakin Ɗaukar Waƙa a Cikin Gida: Sifika Ko Hedifon, Wanne Ya Dace Idan Akwai Mai Juna Biyu?

A zamanin su marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya daɗe da zama a Funtuwa, ɗaukar waƙa aiki ne na gidajen rediyo da kamfanonin faifai. Yanzu abin ya sauya. Matashi zai samu kwamfuta ƙarama da fiyano da makirfo ɗaya da sifika biyu, ya gyara shagon ƙofar gida ko ɗakin da ke kusa da zaure, shi ke nan situdiyo ta samu. A garuruwa irin su Sheme, da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan ya fi sauƙi a kan ɗaukar hanya zuwa Kano ko Kaduna saboda waƙar amarya guda ɗaya, ballantana yadda tafiya ta yi tsada, hanyar kuma ba kullum hankali ke kwanciya da ita ba. A irin wannan ɗaki ake haɗa waƙoƙin biki da na suna da na bege da tallace-tallace, wasu kuma karatu da wa'azi suke ɗauka.

Sana'a ce, kuma da ita ake cefane. Sai dai sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin wannan ɗaki da ɗakin uwargida, wadda wataƙila tana da cikin wata bakwai, ko kuma tana jego. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna a kan wata tambaya da ake ɗauka ta masu haɗa sauti ce kawai, alhali ta shafi kowa a gidan: yaushe ya kamata a kunna sifika, yaushe kuma ya kamata a koma abin sawa a kunne, wato hedifon?

Me ya sa maigida ba ya tsayawa a kan guda ɗaya?

Uwargida za ta iya cewa, tun da akwai hedifon, me zai hana a yi ta aiki da shi a bar mutane su huta? Gaskiyar magana kowanne da aikinsa. Lokacin da mawaƙi ke rera waƙa a gaban makirfo dole a kashe sifika, domin idan an bar ta, makirfo zai kwashi kiɗan da ke fitowa ya haɗa da murya, wani lokaci ma ya ɓarke da wannan kuka mai tsinin da muke ji a wajen taro idan mai jawabi ya matso kusa da lasifika. Don haka a wannan mataki hedifon ake sawa, irin wanda yake rufe kunne ruf.

Idan aka zo daidaita murya da kiɗa kuwa, sai hedifon ya riƙa yaudarar mai shi. A cikinsa kunnen dama yana jin nasa daban, na hagu yana jin nasa daban, alhali a fili kowane kunne yana jin sifikun biyu. Waƙar da ta yi daɗi a hedifon sai a kai ta gidan biki a ji ganga ta danne murya. Dole mai aikin ya saurara a sifika. Ita ma sifikar tana da nata, domin ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da amo, ya ƙara kaurin ganga a wata kusurwa ya rage a wata. Saboda haka mai aikin kirki yakan yi ta kaiwa da komowa tsakanin su biyun, sau da yawa a kan waƙa ɗaya.

Ta fuskar lafiya bambancin a fili yake. Hedifon yana tattara ƙarar gaba ɗaya ya zuba a kunnen mutum ɗaya. Sifika kuma tana raba wa duk mutanen gida, har da wanda bai zo duniya ba tukuna.

Abin da jaririn da ke ciki yake ji

Sassan kunnen ciki suna gama haɗuwa wajen mako na 20 na juna biyu. Daga mako na 24 zuwa 25 ɗan tayi yakan fara motsawa idan an yi ƙara, bayan mako na 28 kuma wannan ya zama tabbas ga mai lafiyayyen kunne. Mata da yawa sun san haka ba sai an faɗa musu ba, domin sun sha jin yaro ya harba lokacin da aka buga ƙofa da ƙarfi.

Cikin mahaifa ba shiru ba ne. Akwai bugun zuciyar uwa, da kukan hanjinta, da muryarta wadda ke isa gare shi ta cikin jikinta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1980 ya nuna cewa jariri ɗan kwana uku yana bambanta muryar mahaifiyarsa da ta wata mace, kuma tata ya fi so.

To, ƙarar waje fa? Fatar ciki da tsoka da ruwan da yaron yake ciki suna tare wani kaso, amma ba kowane irin sauti suke tarewa daidai ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tumaki masu ciki sun nuna cewa siririn sauti, irin na usur ko sarewa, yana raguwa sosai kafin ya isa ga ɗan tayi. Kakkauran sauti kuwa, irin dukan babbar ganga da ake ji a ƙirji, kusan gaba ɗayansa yake shiga. Abin lura a nan shi ne, wannan kakkauran sautin shi ne kuma ya fi ratsa bango. Uwargida tana iya kwance a ɗakinta ba ta jin baitin waƙar, amma tana jin dum-dum ɗin a gadonta. Idan ta toshe kunnenta da auduga, kanta ta taimaka wa, na cikin ba shi da abin toshewa.

Kada wannan ya tayar da hankalin kowa. Zuwa biki na yini ɗaya, ko jin rediyo a tsakar gida, ba shi ne abin damuwa ba. Abin da masana suka fi sa wa ido shi ne zama cikin ƙara mai ƙarfi kullum, awa da awanni. A ƙasar Suwidin an bi bayanan yara fiye da miliyan 1.4, aka buga sakamakon a 2016, inda aka ga cewa matan da suka yi aiki a wuraren da ƙara ta kai desibel 85 ko fiye lokacin da suke da ciki, 'ya'yansu sun ɗan fi sauran samun matsalar ji. Ƙarin ba mai yawa ba ne, amma a ganinmu ya isa dalilin da mai ciki ba za ta mayar da situdiyo wurin hirarta ba, musamman daga wata na shida.

Akwai kuma wata al'ada da ta shigo ta wayoyin hannu, ta ɗora hedifon a kan ciki domin yaro ya ji karatu ko kiɗa, wai don ya yi ƙwaƙwalwa. Babu wata hujja ta likita da ta tabbatar da cewa hakan yana ƙara basira. Ƙari a kan haka, idan an manna abin a fata, babu mai iya sanin ƙarfin da yake isa ciki, kuma yana iya katse wa yaron barci, alhali mafi yawan lokacinsa a barci yake. 'Yar'uwa, idan kina son ya ji karatu, ki karanta da bakinki. Muryarki ta fi kowace na'ura isa gare shi.

Kunnen maigida ma abin tattali ne

Idan aka ce a koma hedifon saboda mai ciki, kada a ɗauka an rabu da matsala. An dai sauya mata wurin zama.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da dodon-koɗi, wanda ke ɗauke da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin dubu 15. Su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, idan abin ya yi yawa su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba a jin zafi, ba a ganin jini. Alamar farko ita ce mutum ya cire hedifon ya ji kunnensa yana ƙugi, ko ya ji maganar mutane kamar daga cikin rijiya. Da safe ya ware, sai ya ɗauka ba komai. A hankali sai a wayi gari yana cewa a maimaita masa magana a kasuwa ko a majalisa.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira ta yau da kullum tana kaiwa kamar 60. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuma 75. Daga nan lissafin yake gudu: a desibel 90 awa huɗu ne kacal a mako, a desibel 100 kuwa minti 20. Hedifon da yawa suna wuce 100 idan an ƙure su. Tun a 2015 hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ga mai haɗa sauti kuwa asarar biyu ce, domin kunnen shi ne jarinsa.

Me ke sa mutane ƙurewa? Kunnen ɗan'adam ba ya jin kakkauran sauti sosai idan an rage murya, sai waƙa ta zama kamar ba gishiri. Sannan idan aka daɗe ana saurare kunne yakan saba, hannu ya riƙa kaiwa ga maɓalli ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Ga kuma janareta tana ruri a bayan taga, dole a ɗaga sauti a danne ta. Tun da mun ambaci janareta, mu tuna cewa hayaƙinta yana kisa ba tare da wari ba, kuma ya fi cutar da mai ciki da ɗan tayi. A ajiye ta a fili, nesa da tagar ɗakin kwana, ko da kuwa ana tsoron ɓarayi.

Lokacin sauyawa

Mafi yawan firgitar da ake yi wa mutanen gida a daidai lokacin sauyawa take faruwa. Mutum ya ƙure sauti a hedifon, sai ya zare waya ko ya danna maɓalli, sautin ya faɗa sifika da dukkan ƙarfinsa. Jariri ya zabura, mai jego ta tashi zuciya na bugawa. Ko kuma akasin haka, ya sa hedifon a kunne sannan ya kunna, ƙarar ta doke shi kai tsaye. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: a mayar da maɓallin murya ƙasa gaba ɗaya kafin kowane sauyi, sannan a ɗaga a hankali. A sa alama da biro ko 'yar takarda mai gam a inda kowane maɓalli ya kamata ya tsaya. Wajen kunna kaya sifika ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, haka nan idan za a koma janareta daga wutar NEPA, domin kauce wa wannan fashewar da take yi.

Sauran kuma shiri ne tsakanin miji da mata. Aikin sifika a yi shi da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da gida ke a farke. Da azahar, sa'ar da mai ciki ke ɗan kishingiɗa, da kuma bayan isha'i, a koma hedifon, kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa, a riƙa cire shi ana hutar da kunne ko da minti goma ne a kowace awa. A matso da sifikun kusa da mai aiki, kamar tsawon hannu ɗaya da rabi, domin idan suna kusa ba sai an ɗaga su ba. A raba su da bangon ɗakin uwargida, a ɗora su a kan soso maimakon teburin da ke manne da bango. Labule mai kauri da darduma da tsohuwar katifa suna rage amon cikin ɗaki, aikin ma ya fi fita, amma ba sa hana dukan ganga ratsa bango. Wannan sai dai a rage shi daga na'ura. Gwaji mai sauƙi: idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Bayan an sauka lafiya

Ramin kunnen jariri ƙarami ne, don haka sauti ya fi ƙarfi a cikinsa fiye da na babba. Tun a 1997 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 45 a ɗakin kwantar da jarirai a asibiti, wato ƙasa da hira ta yau da kullum. Ba a sa wa jariri hedifon ko na wasa, ba a kuma shiga da shi situdiyo ana aiki. Ranar suna, idan an ɗauko manyan sifiku, a juya bakinsu waje, a nisanta su da ɗakin mai jego, kuma 'yan'uwa kada su zauna da jaririn a gabansu.

Ba ƙara kaɗai ke taɓa jin yaro ba. Shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da ƙyanda, da haihuwar bakwaini, da wasu alluran kashe ƙwayoyin cuta idan an yi su ba bisa umarnin likita ba, duk suna iya jawowa. Akwai gwajin ji na jarirai da ake yi da wata 'yar na'ura cikin mintuna kaɗan, yaro yana barci, ba zafi. Abin da ake so shi ne a gwada kafin ya cika wata ɗaya, idan akwai shakka a tabbatar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Ki tambayi ma'aikatan awo inda ake yin sa kusa da ku.

A gida kuma a lura: jariri yana zabura idan an yi ƙara ba zato? A wata shida yana juyowa idan an kira shi daga baya? Yana gwalan-gwalan kafin ya shekara? Idan ba haka ba, kada a tsaya cewa miskilanci ne ko gadon gidansu. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa a Katsina ko Shika ta Zariya, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Maigidan da kunnensa ke ƙugi bayan aiki, shi ma ya biyo su a duba nasa a rana ɗaya.