Masu kallo da masoya: abin da ke tara jama'a ga wasannin matasa na talabijin

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana rarrabe abubuwa biyu da aka saba haɗawa wuri guda idan ana zancen farin jinin wasan talabijin, wato yawan masu kallo da ƙarfin ƙaunar masoya. Mun ɗauko misalanmu daga wasannin matasa na tashoshin Amurka tun daga 1990, tare da misali ɗaya daga Faransa. Abin da muke so mu nuna shi ne, tasha ce ke da babban hannu wajen tara jama'a, su kuwa masoya aikinsu ya fi bayyana wajen tsawaita ran wasa.

0. Gabatarwa

A ranar 4 ga Oktoba 1990 tashar Fox ta fara nuna Beverly Hills, 90210, wasa mai dogon zango game da ƴan makarantar lise a unguwar masu hannu da shuni ta California. Masu sharhi a jaridu ba su ɗauke shi da wani muhimmanci ba, amma ya yi shekara 10 ana nuna shi, sai a watan Mayu 2000 ya ƙare. A ranar 25 ga Agusta 1994 kuma tashar ABC ta fara nuna My So-Called Life, wanda aka sani a Faransa da sunan Angela, 15 ans. Shi wannan masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, kuma yarinyar da ta fito a matsayin Angela, Claire Danes, ta ci lambar Golden Globe a watan Janairu 1995. Duk da haka kashi 19 kaɗai aka yi, tashar ta soke shi.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai jama'a sun fi son na farko. A ganinmu wannan amsa ta maimaita tambayar ne kawai, domin kalmar "so" a nan tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda ya kamata a fara warewa.

1. Batun kalmomi

Kalmar fan, wadda Faransanci ya aro daga Ingilishi, guntuwar fanatic ce, ita kuma asalinta fanum na Latin, wato ɗakin bauta. Henry Jenkins ya ja hankali kan wannan asali a littafinsa Textual Poachers na 1992, inda ya ɗauko daga Michel de Certeau hoton mai karatu a matsayin mai farauta a dajin da ba nasa ba: masoyi yana shiga labarin da wani ya mallaka, ya ɗebi abin da yake so, ya sarrafa shi yadda ya ga dama.

Hausa tana da abin da zai ba mu damar rarrabewa fiye da haka. Muna ba da shawarar matakai uku. Na farko shi ne ɗan kallo, wanda ya tarar da wasa a kan akwati ya zauna. Na biyu shi ne ma'abuci, wanda ya san ranar wasa da lokacinsa, yake kuma komowa kowane mako. Na uku shi ne ɗan ga-ni-kashe-ni, sunan da aka gina daga cikakkiyar jumla ta miƙa wuya, "ga ni, kashe ni", wanda kuma aka fi ji a fagen siyasa da ƙwallo. Wannan na uku shi ke rubuta wasiƙa, shi ke gardama, shi ke kashe kuɗinsa. A sauran maƙalar idan muka ce masoya, su muke nufi. Muhimmin abu shi ne, mai ƙidayar masu kallo duk ukun ɗaya yake ɗaukarsu: kowane kai ɗaya ne.

2. Yadda tasha ke ƙidaya

Manyan tashoshin Amurka na wancan zamani, ABC da CBS da NBC, sai Fox da ta shigo a 1986, da kuɗin talla suke rayuwa. Dallas Smythe ya bayyana tun 1977 cewa hajar da irin waɗannan tashoshi ke sayarwa ita ce masu kallon kansu, ana sayar da hankalinsu ga masu talla. Kamfanin Nielsen ne ke yin awo, ta hanyar wasu zaɓaɓɓun gidaje da ke wakiltar ƙasa duka, kuma masu talla sun fi biyan kuɗi a kan masu shekara 18 zuwa 49.

Abubuwa biyu ke biyo baya. Na ɗaya, wasan da ya tara ƴan shekara 13 zuwa 17 zalla yana da rauni a gaban babbar tasha, ko da yaran sun mutu a kansa. Na biyu, babu wani adadi da za a ce shi ne "jama'a da yawa" a ko'ina, domin kowace tasha da mudunta take awo. Adadin da ABC za ta kira faɗuwa a 1995 nasara ce ga ƙaramar tasha kamar WB, wadda aka buɗe a watan Janairu na wannan shekara, ta kuma maida hankalinta ga masu shekara 12 zuwa 34. Buffy the Vampire Slayer, wanda ya fara a WB a 1997, bai taɓa shiga sahun wasannin da suka fi jama'a a ƙasar ba, amma ya yi zango 7, biyar a WB, biyu a UPN.

3. Abin da ke hannun tasha

3.1. Lokacin nunawa

Zangon farko na Beverly Hills bai tara jama'a ba. An aje shi daren Alhamis, daidai lokacin da NBC ke nuna Cheers, ɗaya daga cikin wasannin da suka fi ƙarfi a lokacin. Abin da ya juya al'amarin dabara ce ta tsarin shirye-shirye. Al'adar tashoshin Amurka ita ce daga Yuni zuwa Agusta, lokacin babban hutun makaranta, sai su yi ta maimaita tsofaffin kashi. Fox ta karya wannan al'ada: a watan Yuli 1991 ta fara nuna sababbin kashi na zango na biyu, labarin kuma ya koma bakin teku, ya dace da hutun da yara ke ciki. Matasa suna gida, ba aikin makaranta, sauran tashoshi kuma ba su da sabon abu. Kafin a koma aji wasan ya zama abin hira, har a wannan shekara dubban matasa suka yi cincirindo a wata babbar kasuwa ta jihar Florida domin ganin Luke Perry, aka samu waɗanda suka ji rauni. Abin lura shi ne, ƴan wasan su ne dai na zangon farko. Wurin da aka baje hajar ne ya sake.

Akasin wannan shi ne Freaks and Geeks, wanda NBC ta fara a watan Satumba 1999 a daren Asabar, daren da matasan Amurka suka fi fita gari. Aka riƙa ɗage shi ana maido shi, daga baya aka sake masa rana. An shirya kashi 18, amma 12 aka nuna kafin a soke shi. Ɗan kallo ba ya zama ma'abuci sai ya san inda zai tarar da wasa mako mai zuwa.

3.2. Maƙwabta da abokan hamayya

My So-Called Life ya faɗa ƙarfe 8 na daren Alhamis. A wannan sa'a NBC tana nuna Mad About You, sannan Friends, wanda ya fara a ranar 22 ga Satumba 1994, wata guda bayan Angela. Fox kuma tana da Martin da Living Single, masu jan matasa su ma. Ke nan ana rabon jama'a iri ɗaya tsakanin tashoshi uku a sa'a guda, a zamanin da wanda ya rasa kashi sai ya jira maimaici, in dai bai naɗa a kaset ba.

Maƙwabci na iya zama alheri. Raymond Williams ya nuna a 1974 cewa mutum ba shiri ɗaya yake kallo ba, yana bin gudanar shirye-shiryen dare ne kamar mai bin ruwa. WB ta yi amfani da wannan a ranar 20 ga Janairu 1998, lokacin da ta maida Buffy daren Talata ta kuma aje sabon wasa, Dawson's Creek, nan da nan bayansa. Sabon ya gaji jama'ar da tsohon ya riga ya tara.

3.3. Talla

Dawson's Creek bai fito ba sai da aka yi makonni ana shelar zuwansa, a kan allunan titi, da cikin tashar kanta, har ƴan wasan suka fito a kundin tallar tufafi na kamfanin J.Crew. Ga ƙaramar tasha, wasan matasa shi ne tutarta, don haka duk ƙarfinta take zubawa a kansa. Ga babbar tasha kuwa, shiri ɗaya ne cikin shirye-shirye barkatai masu neman rabonsu na talla.

Misalin Faransa ya fi fito da wannan fili. Hélène et les garçons, wanda kamfanin AB Productions ya shirya wa TF1 daga 1992 zuwa 1994, ana nuna shi da marece bayan an tashi makaranta. Kamfanin da ya shirya shi ne ke shirya Club Dorothée na yara, shi ke buga mujallun da ke ɗauke da hotunan ƴan wasan, shi ke fitar da waƙoƙin Hélène Rollès. Kowane ɗaya yana tallar ɗan'uwansa. Masu sharhi sun yi ta yi wa wasan ba'a, hakan bai rage masa komai ba.

4. Abin da ke cikin wasan

Ba mu ce labarin kansa ba shi da tasiri ba. Dominique Pasquier ta nazarci wasiƙun da masoyan Hélène suka aika, ta buga sakamakon a La culture des sentiments a 1999. Masu rubutun yawancinsu ƴan mata ne ƙanana, waɗanda ba su kai shekarun ɗaliban jami'ar da wasan ke nunawa ba. Yaro ya fi son leƙa matakin da ke gabansa. Beverly Hills ya ba shi wannan: motoci, da tufafi, da soyayya, da ƴan wasa waɗanda da yawansu sun haura shekara 20. Kuma taron jarumai ne, kowane mai kallo yana iya zaɓen nasa. Angela kuwa ƴar shekara 15 ce da gaske, mai kunya da ruɗani, wasan kuma cikin kanta yake sa mai kallo. Irin wannan yana kama zuciyar wanda ya ga kansa a ciki kamu mai tsanani, amma ƙofarsa ba ta da faɗi. Wato akwai wasan da siffarsa ke haifar da ma'abuta da yawa, akwai wanda ke haifar da masoya ƙalilan masu zafi.

5. Iyakar ƙarfin masoya

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tarihin fafutukar masoya ya gaskata wannan karin magana a mafi yawan lokuta. A 1995 masoyan My So-Called Life sun shirya ɗaya daga cikin fafutukar farko da aka yi ta intanet domin ceton wasa, mai suna Operation Life Support, suka tara kuɗi suka sayi shafin talla a jaridun sana'ar fim. ABC ta soke wasan a watan Mayu duk da haka. A 2000 masoyan Roswell sun aika wa WB kwalaben yajin Tabasco, abin da jaruman wasan ke sha'awa, wasan kuma ya samu zango na biyu. Bambancin da ke tsakani shi ne girman tasha: murya mai ƙarfi tana iya rinjayar shawara idan adadin ya kusa mudun tasha, ba ta iya cike babban giɓi.

Veronica Mars ya ba mu damar auna abin da lissafi. Wasan ya fara a UPN a 2004, ya ƙare a CW a 2007, masu kallonsa wajen miliyan 2 da rabi. A 2013 wanda ya ƙirƙiro shi, Rob Thomas, ya nemi dalar Amurka miliyan 2 a dandalin Kickstarter domin yin fim. Mutum 91.585 suka ba da miliyan 5 da dubu 700, wato kimanin dalar Amurka 62 kowane mutum, fim ɗin kuma ya fito a 2014. Waɗannan mutane ba su kai kashi 4 cikin 100 na masu kallon wasan ba. A mudun Nielsen ba su da nauyi, amma da aka sauya mudu, aka auna abin da kowane ɗaya zai iya fitarwa daga aljihunsa, sai suka isa su tada wasan da ya shekara 6 a kwance.

Sauyin fasaha bai rushe ƙa'idar sashe na 3 ba. Riverdale ya fara a CW a watan Janairu 2017 da jama'a matsakaita. Zangon farko ya shiga Netflix gab da babban hutu, matasa suka kalle shi a jere, kashin farko na zango na biyu a watan Oktoba ya tara jama'a fiye da duk na baya. Dabarar 1991 ce ta dawo ta wata ƙofa.

6. Kammalawa

Mun ga cewa yawan masu kallo ya dogara ne da farko a kan lokacin nunawa, da maƙwabtan wasa, da abokan hamayyarsa, da irin tallar da tasha ta yi masa, sannan hukuncin nasara ko faɗuwa ya danganta da mudun tashar. Ƙaunar masoya wani ma'auni ne dabam, mai auna zurfi.

Wannan yana da amfani ga ɗalibanmu masu nazarin wasanni masu dogon zango na Hausa, kamar Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ko Labarina na Aminu Saira. Abin da ya fi sauƙin tarawa shi ne maganganun masoya da aka rubuta a YouTube da Facebook, kuma taska ce ta gaske ga mai nazarin harshe: kirari, da habaici, da cuɗanyar Hausa da Faransanci ko Ingilishi. Sai dai muryar mataki na uku ce kaɗai. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ra'ayin masu kallo gaba ɗaya ya bar ɗan kallo da ma'abuci a waje, alhali su ne mafi yawa. Don haka ya wajaba mai bincike ya faɗi tun a farkon aikinsa wane mataki cikin ukun bayanansa suke wakilta.