Dillaliyar Da Ke Tsakaninka Da Intanet

Wata rana da hantsi na shiga wani shagon buga takardu domin a fitar mini da wata wasiƙa da aka aiko mini ta imel, sai mai shagon, da yake ɗalibai masu rajistar jarrabawa sun yi masa dafifi, ya nuna mini wata kwamfutar tebur a lungu ya ce in zauna in buɗe da kaina. Ina danna alamar nan mai ja da rawaya da kore, tun ban rubuta ko harafi ɗaya ba, sai ga akwatin wasiƙun wani bawan Allah a buɗe a gabana, da sunansa da hotonsa da saƙonnin bankinsa jere reras, domin ya tashi ya tafi bai fita daga ciki ba, abin da ya shiga da shi kuwa ya riƙe masa kome kamar yadda aka hore shi. Na rufe masa asirinsa, na yi abin da ya kawo ni, amma tun daga ranar nake ta juya mas'alar wannan manhaja da muke ba amana safe da yamma alhali ba mu taɓa tambayar asalinta ba.

Sunanta burauza. Da yawa daga cikin jama'a suna ɗaukar ita ce Google, amma akwai bambanci, domin Google wurin bincike ne, matambayi ba ya ɓata kamar yadda ake yi masa kirari, ita kuwa burauza ita ce wadda ke kai ka can, ta kai ka wani wurin ma, ta karɓo shafi daga wata kwamfuta mai nisa ta shimfiɗa maka shi yadda ido zai iya karantawa. Abin da ya fi kama da ita a wurinmu shi ne dillaliya mai shiga gida-gida, wadda saboda ita ke kai kayan matan kulle kasuwa ta komo musu da ciniki, babu abin da ke ƙarƙashin gadon wata da ba ta sani ba. Wanda zai ɗauki dillaliya kuwa, wajibi ne ya san 'yar gidan wa ce, kuma wa ke ciyar da ita.

Ta farko dai wani masani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙaga ta a 1990 lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Geneva. A 1993 aka fitar da Mosaic daga Jami'ar Illinois ta Amurka, daga cikin waɗanda suka gina ta kuma aka sami masu kafa Netscape a 1994, wadda ta mamaye fage har sai da Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995 ya riƙa haɗa ta da Windows kyauta. Ba a jima ba Netscape ta durƙushe, a farkon shekarun 2000 kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet ta Internet Explorer suke shiga. Da ta ga ba ta da kishiya sai ta miƙe ƙafa, aka yi shekara biyar cur, daga 2001 zuwa 2006, ba a fitar da wani sabon babban zubi nata ba. Sai dai kafin Netscape ta gama shiɗewa, a 1998 masu ita sun buɗe asirin gininta ga duk mai son gani da gyarawa, daga wannan gadon ne Mozilla ta tsiro, ta haifi Firefox a watan Nuwamba na 2004. Chrome ta Google ba ta zo ba sai Satumba 2008, ga shi yau mafi yawan masu kwamfutar tebur a duniya ita suke buɗewa, Internet Explorer kuwa an yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni 2022.

To, a nan ne mai karatu zai ɗan nutsu, domin duk yawan sunayen da yake ji, in aka bi silsilar nasabarsu kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi, gidaje uku kaɗai za a tarar. A cikin kowace burauza akwai injin da ke fassara rubutun shafi ya mai da shi hoto da harafi da maɓalli, injinan da suka rage a raye kuwa su ne Blink na Google, da WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Chrome da Edge da Opera da Brave da Vivaldi duk a kan tushe ɗaya aka ɗora su, watau Chromium mai injin Blink, riga ce kawai ta bambanta su. Opera ta yar da nata injin ta koma wannan gida a 2013, Microsoft mai Edge ma duk girmansa ya miƙa wuya a farkon 2020. Blink ɗin ma reshe ne da aka yanka daga WebKit a 2013, saboda haka in ana maganar wadda ba ta haɗa jini da kowa ba, Firefox kaɗai ake nufi. Wanda ya bar Chrome ya koma Edge yana zaton ya yi hijira, ɗaki kawai ya sake a cikin gida ɗaya.

Sai batun ciyarwa, wanda a ganina shi ne zuciyar mas'alar. Babu ɗaya cikinsu da ake saya da kuɗi, gina su kuwa da tsare su yana cin dukiya mai yawan gaske, ashe ke nan akwai inda ake fanshewa. Google mafi yawan kuɗin shigarsa daga talla ne, tallan kuma ba ya yin tsada sai an san wanda ake yi wa, shekarunsa da garinsa da abin da ransa ke so. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan dillaliyar gidansa ta zama mai kunnen sauraro. Irin darajar da wannan kujera ta dillaliya take da ita ta bayyana a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin, inda aka ji cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple kimanin dala biliyan 20 domin ya zama shi ne wurin binciken da Safari, burauzar Apple, ke fara kai mutum, a watan Agusta na 2024 kuma alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba. Adalci ya sa in ƙara da cewa ita ma Mozilla, wadda gidauniya ce ba ta neman riba ba ke riƙe da ita, mafi yawan abin da take samu daga irin wannan yarjejeniya da Google yake fitowa, watau kishiya ce da ke cin tuwon uwargida. Wannan aibi ne, ba na ɓoye shi.

Duk da haka akwai bambanci a aikace. Tun daga 2019 Firefox take tare masu bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi ba tare da an ce ta yi ba, a 2022 kuma ta ƙara da killace kukis, waɗannan 'yan alamomi da shafuka ke ajiyewa a kwamfutarka domin su gane ka in ka komo, kowane shafi da tasa tukunyar, ta yadda wani ba zai leƙa ta wani ba. Akwai kuma wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza mai suna uBlock Origin, wadda ke kore talla da 'yan leƙen asiri, wadda Chrome ta fara kashe cikakken zubinta tun ƙarshen 2024 bayan ta sake ƙa'idojinta, amma a Firefox tana nan tana aiki. Ga wanda ke sayen data da guminsa wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, domin kowane tallan bidiyo da ya faɗo masa ba da izininsa ba, daga aljihunsa aka biya kuɗin ɗauko shi.

Sauran ba sa bukatar dogon sharhi. Chrome tana da sauri, kuma da yake masu gina shafuka a kanta suke gwaji, da wuya shafi ya ƙi buɗuwa a cikinta, sai dai an san ta da haɗama, duk wanda ya taɓa buɗe shafi ashirin a tsohuwar kwamfuta mai ram giga 4 ya ji fankarta na huci kamar babur a hawan tudu. Edge tana zuwa a cikin Windows, tana sa shafukan da ba a taɓa su ba barci domin na'ura ta huta, amma tana da naci wajen tallata kayan gidansu. Brave, wadda Brendan Eich mai ƙaga harshen JavaScript ya kafa, tana tare talla tun daga fitowarta, sai dai ta zo da nata tallan da kuɗin kirifto, wanda ni dai ban ga maslahata a ciki ba. Opera mutanenmu sun san ta tun zamanin Opera Mini mai tsimin data a ƙananan wayoyi, asalinta daga Norway, amma tun 2016 wasu 'yan kasuwar Sin suka saye ta. Safari kuwa ta masu kwamfutar Apple ce, an daina yi wa Windows ita tun 2012.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a warware, shi ne na tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito. Abin da take yi kawai shi ne ta ƙi rubuta tarihin yawonka a cikin kwamfutar da kake kai, ta kuma manta da kai da zarar ka rufe ta, amma kamfanin da ke ba ka intanet da mai ofishin da kake aiki da shafin da ka ziyarta duk suna iya ganinka. Har ƙara aka kai Google a kan wannan, a 2024 ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara daga masu amfani da ita. Amfaninta na haƙiƙa shi ne a irin shagon nan da na ba da labari, domin da bawan Allahn nan ta ita ya shiga ya kuma rufe ta da ya gama, da ban ga ko sunansa ba.

Abin da ya fi zaɓen suna muhimmanci ma shi ne sabuntawa, musamman da yake yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da shagunanmu na hannu ne, wasu har yanzu da Windows 7 suke tafiya. Chrome ta tsaya wa wannan Windows a zubi na 109 tun farkon 2023, Firefox ta tsaya a na 115, ko da yake ta ci gaba da aiko masa da facin tsaro na wani lokaci bayan haka. Burauzar da aka daina yi wa faci kamar katanga ce da ɓarayi suka san inda ta zube, bai halatta mai hankali ya shiga bankinsa ta cikinta ba.

Ni dai abin da na tsaya a kai, bayan na zauna da kowace na wani lokaci, shi ne Firefox domin aikin yau da kullum, da uBlock Origin a liƙe da ita, sa'an nan in bar Edge da na tarar a cikin Windows a gefe saboda ranar da wani shafin hukuma ko na banki zai yi gardama. Mai karatu ya girka biyu ya yi mako guda da kowace, domin kwashe alamomin shafuka da kalmomin sirri daga wannan zuwa waccan aikin 'yan mintoci ne, sa'an nan ya zaɓi wadda kwamfutarsa ta fi ɗauka. In kuwa ya zauna a kwamfutar da ba tasa ba, burauza ta tambaye shi ko ta ajiye masa kalmar sirri, don Allah ya ce mata a'a.