Ɗan majalisar wa? Dalilin da ya sa talakan Adar ba ya yarda da ƙuri'ar Yamai

A kasuwar Madawa, ko a mahaɗar matasa a Buza da Keita, idan aka ambaci 'yan majalisar dokoki amsar da ake ji ɗaya ce: 'yan amshin shata ne, abin da gwamnati ta kawo shi suke ɗaga wa hannu. Wannan zargi yana da tushe, sai dai galibi ana ɗora shi inda bai kamata ba. Ana cewa mutanen da aka tura ne ba su da kirki, alhali babbar matsalar tana cikin tsarin da ya kai su kan kujera. Duk mutumin kirkin da aka saka cikin wannan tsari, da wuya ya yi abin da ya saɓa wa na baya.

Majalisar Nijar da sojoji suka rusa ranar 26 ga Yuli 2023 tana da kujeru 171. Daga ciki 158 ana raba su ne bisa jerin sunayen da jam'iyyu ke gabatarwa a kowace jiha, takwas na mazaɓu na musamman ne irin su Tasara, biyar kuma na 'yan ƙasa mazauna waje. Ma'ana, manomin albasa na kwarin Tarka bai zaɓi ɗan majalisar Madawa ba a wannan tsari, domin a doka babu wannan kujera. Jihar Tawa, ban da Tasara, mazaɓa guda ce a lokacin mai kujeru 30, daga Konni har Abalak. Abin da ya dangwala wa yatsa jam'iyya ce, kuma shugabanninta ne suka tsara wanda zai zo a saman jerin da wanda zai zo a ƙasa. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara ɗaure abin: ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mai maye masa gurbi ya hau. To wanda ya san cewa sunansa a zaɓe mai zuwa yana hannun uwar jam'iyya a Yamai, wa zai ji tsoro ranar kaɗa ƙuri'a? Ba dai mutanen Tamaske ba.

Alƙaluman majalisar da kansu sun nuna haka. A ƙarshen Nuwamba 2017 aka kawo dokar kasafin kuɗin 2018, wadda ta zo da harajin gidaje da na gado, ta kuma sauke wa kamfanonin wayar salula harajin kiran da ke shigowa daga waje. Tun watan Oktoba jama'a ke zanga-zanga a kanta, amma fiye da 'yan majalisa 130 suka amince, kimanin 30 suka ƙi. A watan Maris 2018 aka kama jagororin farar hula da suka ci gaba da jayayya, cikinsu akwai Musa Cangari, Ali Idrisa da Nuhu Arzika. Ranar 22 ga Afrilu 2022 kuma aka kawo batun karɓar sojojin Faransa da na Turai da ke barin Mali, aka samu 131 sun amince, 31 sun ƙi. Haraji daban, sojan ƙetare daban, har majalisar ma an sake zaɓenta a Disamba 2020, amma lissafin kusan ɗaya ne. Wannan ba ra'ayin mutum 160 da suka yi nazari ba ne, ƙidayar masu rinjaye ce da ta 'yan adawa. Jihar Tawa kuwa, da yake ita ce cibiyar jam'iyyar PNDS-Tarayya mai mulki a lokacin kuma mahaifar tsohon Shugaba Isufu Mahamadu, mafi yawan wakilanta suna ɓangaren da ba ya cewa a'a.

Dokar da ta fi taɓa Adar ita ce mai lamba 2015-36, ta watan Mayu 2015, wadda ta haramta safarar baƙin haure. An yi ta ne domin masu nufin Turai, amma a Buza da Keita, inda duwatsu suka fi gonaki yawa, kusan kowane gida yana da ɗan ci-rani, kuma da yawansu Libiya suke zuwa ta Agadas. Da aka fara kama direbobi da motocinsu a 2016, kuɗin mota ya hau, aka koma bin hanyoyin da babu rijiya. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamba 2023. Shekara takwas tana aiki, kuma magidancin da ɗansa ya bi wannan hanya ba shi da wata takarda da zai duba ya ga matsayin da wakilan jiharsa suka ɗauka a kanta, suna bayan suna, cikin harshen da yake ji.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba ɗan aiken ƙauyensu ba, haka ma tsarin mulki ya faɗa. Suna kuma tunatar da rikicin 1995 tsakanin Shugaba Mahaman Usman da Firaminista Hama Amadu, wanda ya tsayar da aikin gwamnati har Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki a Janairu 1996. Gaskiya ne ƙasa tana bukatar rinjaye mai ɗorewa. Amma dokar da ta 'yanta ɗan majalisa daga umarnin masu zaɓe ta bar shi ɗaure a hannun jam'iyya, don haka bai zama wakilin ƙasa ba, ya zama wakilin wanda ya rubuta jerin. Zaman lafiyar da aka ce ana saye da wannan biyayya ma bai samu ba: rinjayen sama da 130 bai hana 26 ga Yuli faruwa ba, ya dai sa mutane da yawa ba su ji an raba su da wani abu nasu ba.

Akwai kuma masu cewa tunda haka ne, majalisa ɓarnar kuɗi ce, a bar ta a rushe. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ranar 31 ga Mayu 2007 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna, bayan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi, duk da cewa ɓangarensa ne ke da rinjaye. A Yuni 2006 majalisar ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, bayan matsin lambar ƙungiyoyin addini. Ko mutum ya ji daɗin wannan hukunci ko bai ji ba, ya nuna cewa idan jama'a suka sa ido a kan magana, hannu yana ƙin ɗaguwa. Shugaba Tanja Mamadu da kansa, da zai yi tazarce a 2009, sai da ya fara rusa majalisar. Ba a rusa abin da ba ya tsare hanya.

Yanzu an rushe jam'iyyu, majalisar tuntuɓa da aka kafa a 2025 naɗa membobinta aka yi, kuma kundin da aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani a kansa a Maris 2025 ya ba da wa'adin shekara biyar. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake rubuta dokar zaɓe, kuma nan ne maganar take. Malamai, sarakuna, ƙungiyoyin manoma da na mata a Madawa, Buza da Keita su nemi a rage faɗin mazaɓa ta dawo gunduma, yadda za a san mutumin da aka tura da sunansa da gidansu. Su nemi a wajabta rubuta ƙuri'ar kowane ɗan majalisa a kan kasafin kuɗi, haraji da yarjejeniyar soja, a kuma karanta ta da Hausa a rediyon karkara cikin makon da aka kaɗa ta, tunda Hausa ce harshen ƙasa a yanzu. Wannan buƙata a shigar da ita tun kafin a fara rubutun, ba bayan an buga an rarraba ba.